Guguwar da Ba Ta Cika Zagaye Ɗaya Ba

Asabar

Na iso Baure da la'asar sakaliya. Motar da na hau daga Daura ta tsaya a Zango aka yi mata lodin siminti har bayanta ya kusa shafar kwalta, muka ƙaraso a hankali kamar masu rakiyar amarya. An yi hutu a makarantar da nake koyarwa, amma nawa hutun na baki ne. Malamin da ke duba aikina na digiri na biyu ya ba ni mako uku in shirya jawabin da zan gabatar a gaban malaman sashe, kuma shi ya zaɓa mini batu: yadda juyin da ke cikin ƙananan ƙwayoyin halitta, wanda masana fiziks ke kira sifin, yake shiga lissafin ruwa mai tsananin zafi da ke gudu dab da gudun haske.

Bayan magariba na faɗa wa Baba taken. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Mu ma ruwan muke jira."

Bazara ta kankama. Kafin mu shigo gari na ga guguwa ta taso a wata gona da aka share, ta kwashi ledoji da ganyen kara ta yi sama da su, yara suna gudu suna a'uziyya. Na bi wata baƙar leda da ido ina ƙirgawa. Daƙiƙa biyu take yi ta zagayo, ko ƙasa da haka kaɗan. Na rubuta a bangon littafina.

Lahadi

Gwaggo har yanzu tana kaɗi. Ita kaɗai ta rage a unguwarmu, kuma ba don sayarwa take yi ba, hannu ne ya saba. Da hantsi na zauna kusa da ita a inuwar darbejiya. Sai ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari sau ɗaya, ta sake shi a kan 'yar fata. Ya miƙe tsaye a kan tsininsa yana wani siririn kuka, hannunta na hagu yana ɗaga auduga sama, zare yana fita. Da ya fara layi sai ta ƙara masa wata murzar.

Abin da ke riƙe mazari a tsaye shi nake kira jarin juyi idan ina koyar da 'yan aji uku. Duk abin da ke juyawa yana da wannan jari, gwargwadon nauyinsa da faɗinsa da saurinsa. Jarin ba ya ɓata, sai dai ya koma hannun wani. Mazari yana mutuwa ne don fata da iska da zare suna zaftare masa jarin kaɗan-kaɗan.

Shi kuwa sifin, labarinsa ya faro a Frankfurt ta Jamus a 1922, lokacin da Otto Stern da Walther Gerlach suka tura ƙwayoyin zarra na azurfa ta tsakanin maganaɗisu. A tsohon lissafi kamata ya yi su bazu a kan faranti kamar an watsa gero, sai suka rabu gida biyu cif, babu na tsakiya. A 1925 wasu samari biyu a Leiden ta ƙasar Holan, George Uhlenbeck da Samuel Goudsmit, suka ce ilektiron yana da nasa juyin na kansa. Dattijon fiziks na ƙasar, Lorentz, ya buga lissafi ya nuna musu cewa idan ilektiron ɗan ƙwallo ne mai juyawa, to fatarsa sai ta wuce haske gudu, abin da ba ya yiwuwa. Suka so janye takardar, ashe malaminsu Ehrenfest ya riga ya aika da ita wurin bugawa. A 1928 Dirac ya haɗa lissafin ilektiron da nazariyyar Einstein, sai ga sifin ya fito da kansa ba tare da an cusa shi ba.

Jarin dai na gaske ne, ana auna shi. Amma ba a murza shi, ba ya mutuwa, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Inda ya fuskanta kawai ke sauyawa.

Na ce, "Gwaggo, akwai wani mazari da ba wanda ya murza shi, kuma ba ya tsayawa har abada."

Ba ta ɗago ba. "Zare nawa yake yi a wuni?"

"Ba ya yin zare."

"To ba mazari ba ne, ɗan nan."

Na soke misalin mazari daga shafin farko. Shekara shida ina koya wa yara da katantanwa, ban taɓa faɗa musu inda misalin yake karyewa ba.

Litinin

Yau na sha kunya a bakin tasha.

A 1915 Einstein da Wander de Haas sun rataye 'yar sandar ƙarfe da siririn zare, suka mai da ita maganaɗisu, sai ta murɗa da kanta. Dalili shi ne sifin ɗin ilektiron da ke cikin ƙarfen, waɗanda da kowa ya kama gabansa, sun jeru sun fuskanci gefe guda, kuma jarin da suka samu dole ya fito daga wani wuri, sai jikin sandar ya biya. A shekarar ce kuma Samuel Barnett a Amurka ya juya gwajin: ya wulwula sandar ƙarfe da sauri, sai ta zama maganaɗisu. Duk batun da aka ba ni a kan wannan ya ginu. Juyin babban abu yana iya sauka cikin ƙananan ƙwayoyinsa, nasu ma yana iya hawa kansa.

Ƙanena, wanda ke aji biyu na babbar sakandare, ya ce mu gwada. Muka ɗauki ƙusa 'yar inci shida da kamfas ɗin da Baba ke duba alƙibla idan ya yi tafiya, muka je wurin mai walda. Ya tayar da janareto, ya ɗaure ƙusar a bakin injin huda ƙarfe, ya danna. Na matso da kamfas. Allurar ta yi tsalle ta karkace.

"Yaya, ta yi! Wallahi ta yi!"

Mai walda bai ce komai ba. Ya kashe injin, ya kwance ƙusar ya jefa a aljihu, ya sake dannawa babu komai a baki. Allura ta yi tsallen da ta yi ɗazu.

"Malam, ai injin ne. Shi ma da mayen ƙarfe a cikinsa."

Masu shayi suka yi ta dariya, na biya kuɗin mai muka dawo. Da dare na yi lissafin da ya kamata in yi tun kafin mu fita. Ko ƙusar tana zagaye 3,000 a minti, ƙarfin maganaɗisun da juyin zai haifar bai kai kashi ɗaya cikin 10,000 na wanda ƙasa kanta ke jan allurar da shi ba. Barnett shekaru ya yi yana fama kafin ya ware wannan ɗan abu daga hayaniyar da ke kewaye da shi. Ni kuma na so in gan shi a tsakanin sallar azahar da la'asar.

Na mayar da kamfas cikin akwatin Baba bayan na tabbatar bai rikice ba.

Talata

Wurin da juyi ya kai a ga wannan abu sosai yana Brookhaven, a tsibirin Long Island na jihar New York. Akwai wata na'ura a can mai suna RHIC, zobe ne mai kewayen kilomita 3.8, ta fara aiki a shekarar 2000. A shekarun da ta yi tana aiki, akan ɗauki ƙwayar zarra ta zinari a tuɓe mata ilektiron duka, a bar cibiyar tsirara, mai firoton 79 da niyutiron 118. A kora wasu ta dama wasu ta hagu har su kai kashi 99.995 cikin 100 na gudun haske, sannan a gwara su.

A wurin karon firoton da niyutiron narkewa suke yi, abin da ke cikinsu ya zubo, wato kwak da gulon. A 2010 an sanar cewa zafin ya kai digiri tiriliyan 4, ya ninka na tsakiyar rana wajen sau 250,000. Haka duniya take a cikin 'yan ɓurɓushin daƙiƙar farko bayan somawarta, a lissafin masana. An daɗe ana zaton abin zai zama kamar hayaƙi, kowace ƙwaya tana harkar gabanta. A 2005 masu aikin suka fito suka ce ruwa ne, kuma idan aka gwada kaurinsa da yawan hargitsin da ke cikinsa, ba a san ruwan da ya kai shi tsinkewa ba. Kunun da aka cika wa ruwa ma zuma ne a kusa da shi.

Na kasa hango yadda ɗigon ruwan nan ke samun juyi sai da na leƙa madafa da yamma. Inna tana burga miyar kuka. Tafin dama ya yi gaba, na hagu ya yi baya, maburgi a tsakani ba shi da zaɓi sai juyawa. Cibiyoyin zinarin nan ba kasafai suke haɗuwa goshi da goshi ba. Yawanci gefe da gefe suke gogar juna, wannan ya wuce gabas wancan ya wuce yamma, abin da ya narke a tsakaninsu ya sha murza. Jarin juyin da ke cikin karo guda ya ninka sifin ɗin ilektiron sau dubbai. A 2005 wasu masana biyu 'yan asalin Sin, Liang Zuo-Tang da Wang Xin-Nian, suka ce lallai wani kaso na jarin zai sauka a kan sifin ɗin ƙwayoyin da za su fito. Gwajin Barnett ke nan, amma da ruwa maimakon ƙusa.

Inna ta ce in tashi daga ƙofar madafa, ina tare mata iska.

Laraba

Ban buɗe takarda ba yau. Baba ya tashe ni da asuba muka bi amalanken taki zuwa gona. Muna zubar da shi tsibi-tsibi yana nuna mini iyakoki da sandarsa: daga wannan gawo zuwa waccan aduwa gandu ne, daga can zuwa bakin hanya gayaunar Kawu ce tun suna samari. Ya ce a zamanin mahaifinsu kowa gandu yake fita da safe, sai an tashi sannan mutum ya wuce gayaunarsa. Abin gandu na rumbun gida ne, abin gayauna na mai ita ne. Amma shekarar da damina ta yi gardama, hatsin gayauna yakan shiga tukunyar gida, kuma saurayin da zai yi aure gandu ke ɗaukar masa nauyi.

Na tsaya da kwando a hannu. Wulwulawar ruwan gaba ɗaya ita ce gandu, sifin ɗin kowace ƙwaya shi ne gayaunarta. Abin da doka ta kulle shi ne jimillar hatsin gidan, ba na wannan rumbu ko wancan ba. Tsohon lissafin ruwa gandu kaɗai yake ƙirgawa. Sabon aikin da aka sa ni in bayyana shi ne buɗe wa gayauna shafi a littafi.

Na tuna Gwaggo, don haka tun a gonar na nemi inda wannan misali zai karye. Gayaunar mutum tana iya faɗaɗa. Ta ilektiron kadada ɗaya ce tun ranar halitta, sai dai ta juya baki gabas ko yamma.

Baba ya ce, "Kai, kwandon nan ba zai zubar da kansa ba."

Alhamis

An kawo wuta da tsakar dare, na yi caji, na zauna a kan takardar da ƙungiyar STAR ta buga a mujallar Nature a watan Agusta na 2017. STAR sunan na'urar da ta riƙa kallon karon ne a Brookhaven, nauyinta tan 1,200, girmanta kamar gidan sama.

Tambayar da ta dame ni tun farko ita ce: wa ke ganin sifin? Ba a ganinsa. Amma akwai wata ƙwaya mai tonon asirin kanta, ana kiranta Lamda. 'Yar'uwar firoton ce, da kwak uku a cikinta, ɗaya daga ciki irin wanda ake yi wa laƙabi da baƙo. Ba ta da cajin lantarki, don haka ba ta barin sawu. Takan yi tafiyar 'yan santimita ta fashe, kuma wajen kashi 64 cikin 100 na lokuta firoton da wata ƙwaya mai suna fayon take haifarwa. Sawun biyun yakan fito kamar gwafa daga inda babu komai. Firoton ɗin kuwa ya fi son fita ta gefen da sifin ɗin uwarsa ya fuskanta. Sai a tara gwafanni miliyoyi, a duba guntayen zinarin da suka tsallake karon don a san ta ina aka murza maburgi, a ga ko firoton sun karkata can.

Sun karkata. Kaɗan, amma sun karkata. Daga nan aka lissafo wulwulawar ruwan: 9 da sifiri 21 a bayansa a kowace daƙiƙa. Na buɗe bangon littafina na dubi guguwar ranar Asabar da daƙiƙa biyunta, na yi dariya ni kaɗai.

Na sake lissafin da hannuna don kada in zama aku a gaban malamai. Ƙarfin da juyi ke jan sifin da shi, a ma'aunin masu wannan fanni, wajen 6 ne. Zafin da ke hargitsa shi wajen 160. Karkatar ita ce na farko a raba da ninki biyu na na biyu. Ya ba ni kusan kashi 2 cikin 100. Wato a cikin Lamda 100, 51 sun bi juyi, 49 sun saɓa masa. Duk wannan guguwa da ba a taɓa auna irinta ba, rinjayen ƙwaya biyu kacal ta samu, domin zafi ma ba kanwar lasa ba ne. Idan an ƙara wa karon ƙarfi, abin raguwa yake yi: a mafi girman ƙarfin RHIC bai kai kashi ɗaya cikin 300 ba, a babbar na'urar CERN da ke iyakar Faransa da Switzaland kuwa, inda ake gwara dalma, da ƙyar a bambanta shi da sifiri. Cibiyoyin kan ratsa juna su wuce da yawancin jarin, su bar tsakiya da ɗan abin da ba a rasa ba.

Juma'a

Daga masallaci muka dawo takalmin roba yana neman narkewa a ƙafa. Na jiƙa zani na rataye a taga.

Yau ɓangaren zafi na kama, kuma nan ne Einstein ke shigowa da rigima. A 1940 Carl Eckart ya rubuta lissafin ruwa mai kauri da ya dace da nazariyyar Einstein, Landau da Lifshitz a Rasha suka yi nasu. Duka biyun suna da aibi ɗaya: idan ka ɗumama ruwa a nan, lissafin yana cewa can nesa an ji a take, ba jinkiri ko na ƙiftawar ido. Saƙo ya riga haske ke nan. A 1985 Hiscock da Lindblom suka nuna cewa abin ya wuce nan, ɗan motsi kaɗan kan sa lissafin ya tarwatse. Maganin ya riga ya zo a 1979 daga Werner Israel da John Stewart, waɗanda suka ba ruwan ɗan lokacin jinkiri kafin ya amsa.

Wanda ya ɗauko wannan magani ya shigar da shi lissafin karon cibiyoyi a 2002 ɗan Afirka ne, Azwinndini Muronga, daga lardin Limpopo na Afirka ta Kudu, a lokacin yana karatu a Minnesota. Na daɗe ina kallon sunan. Mu abin da muke da shi mafi kusa da wannan duniya shi ne ƙaramin injin nukiliya na bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda ya fara aiki a 2004, kuma shi fasa yuraniyom yake yi, ba ya narka firoton. Amma abin da Muronga ya yi da alƙalami aka yi shi. Wannan ya rage mini uzuri, ban kuma ji daɗin hakan ba.

Ga wani abu da ya hana ni barcin rana. Muna koya wa yara cewa abu ya daidaita idan zafinsa ya zama ɗaya ko'ina. A ruwan da ke juyawa da gudu irin wannan ba haka ba ne. Ka sa ma'aunin zafi a tsakiya, ka sa wani a baki yana zagaye tare da ruwan. Na baki zai nuna zafi fiye da na tsakiya, alhali babu zafin da ke kwarara daga nan zuwa can. Agogon na baki ne ke tafiya a hankali saboda gudunsa. Shi ya sa a lissafin da Francesco Becattini na Florence da abokan aikinsa suka fitar a 2013, abin da sifin ke bi ba juyi ne zalla ba. Juyi ne, da ingizar da ruwan ke sha, da bambancin zafi daga wuri zuwa wuri, an dama su wuri guda an raba da zafi.

Asabar

Na je Daura buga takardu, idona ya gaji da allon waya. A motar dawowa wani ɗan kasuwar hatsi ya cika mu da labarin farashin wake a nan da kuma Magarya, can tsallaken iyaka. Ya ce shi ba ruwansa da tsada ko araha, tazara yake nema. Muddin kuɗin buhu ya bambanta tsakanin kasuwa biyu, buhu zai yi tafiya. Ranar da suka zo ɗaya, kowa ya zauna gida. Abin da ke ba shi haushi kawai shi ne kuɗin mai da na 'yan dako, waɗanda in sun fita ba sa dawowa.

Na ce, "Alhaji, ka gama mini babi na uku." Ya zaci zolaya nake yi.

Zafi farashi ne: ƙarfi yana tashi daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci har su zo ɗaya. Masu sabon lissafin sun ba sifin nasa farashin. Idan ya yi daidai da na wulwulawar ruwa, ciniki ya tsaya. Idan suka bambanta, jari zai riƙa ƙaura tsakanin gandu da gayauna, kuma kowace ƙaura tana barin asarar da ba ta dawowa, wadda ake kira entirofi. Tunanin ruwa mai sifin ya tsufa, Weyssenhoff da Raabe sun taɓo shi a Folan tun 1947, amma auna Lamda ne ya tashe shi daga barci. A 2018 Florkowski da Friman da Jaiswal da Speranza suka rubuta lissafin da ya ɗauki sifin a matsayin abu mai tafiyar kansa. A 2019 Hattori da abokansa daga Japan da Sin suka nuna da dokokin zafi cewa sifin shi kaɗai ba ya dawwama, a hankali yake sallamawa ya bi farashin ruwa.

Wannan "a hankali" ita ce gaɓar. Idan kasuwa ta tashi kafin buhu ya iso, farashi bai daidaita ba.

Litinin

Jiya zazzaɓi ya ɗan taɓa ni, ban rubuta komai ba.

Yau na isa wurin da masanan kansu ba su sasanta ba, kuma na fi jin daɗinsa fiye da duk inda aka gama magana. Jimillar jarin ɗigon gaba ɗaya ba gardama a kanta. Amma ka nuna wuri guda a cikin ruwan ka ce nawa ne na juyi a nan, nawa ne na sifin, sai a ba ka amsa fiye da ɗaya, kowacce kuma ta cika ƙa'ida. Tun 1940 Belinfante ya nuna ana iya kwashe sifin kaf a zuba shi a shafin juyi, jimilla ba ta motsa ba. Shekaru aka yi ana ɗaukar wannan a matsayin zaɓin magatakarda, ya rubuta yadda ya fi masa sauƙi. Sai aka gano cewa idan ruwan bai gama daidaita ba, littafin da ka zaɓa yana iya sauya hasashen da za ka yi wa Lamda.

Kawu ya shigo duba ni, na kwatanta masa da gandu. Ya ce ai wannan tsohuwar rigima ce. Taki na gandu ne, ruwa ya wanke shi ya kai gayauna, dawa ta yi kyau a can. Ta wa ce? Ya ce muddin ana ci a tukunya ɗaya ba mai tambaya, sai ranar rabo.

Gwaji ma ya taɓa kunyata lissafin. A 2019 STAR ta auna karkatar sifin ta tsawon hanyar da zinarin ya biyo, inda ƙananan guguwoyi huɗu ke kewaye da ɗigon. Siffar ta fito yadda aka yi hasashe, amma a juye: inda aka ce gaba sai aka ga baya. A 2021 ƙungiyoyi biyu, ta Becattini da wata ta Liu da Yin, kowacce da kanta, suka gano an manta da wani abu. Ba juyi kaɗai ke karkata sifin ba, har da gogayyar da sassan ruwa ke yi idan wani ya fi wani sauri. Da aka saka wannan, alamar ta iya komawa daidai, ko da yake sakamakon yana jin yadda aka ɗauki zafin wurin da ƙwayoyin ke rabuwa da ruwa.

Ra'ayina, wanda zan faɗa ko malamai za su yi mini ca: fannin nan lissafinsa ya yi wa gwajinsa nisa. Takardun nazari sun yi tuli, abin da aka auna kuwa bai cika tafin hannu ba. Ba zan tsaya a gabansu in yi kamar an gama gini ba alhali ana kan kwaɓa ƙasa.

Laraba

Gobe zan koma. Da safe ina haɗa shafukan ƙarshe sai na yi wani ɗan lissafi da ban gani an tsaya a kansa ba a takardun da na buga. Ɗigon nan rayuwarsa ba ta wuce a raba daƙiƙa gida 1 mai sifiri 23 a baya a ɗauki uku ba. Na ninka wannan da saurin wulwulawarsa. Abin da ya fito bai kai kashi ɗaya cikin goma na zagaye ba. Na sake bugawa sau biyu ina zaton na ɓatar da sifiri. Ruwan da ya fi kowane ruwa juyi, ko kwana ɗaya bai gama sha ba yake watsewa. A wannan ɗan tsakanin ne ake so buhu ya tashi daga gandu ya isa gayauna, kuma 51 da 49 ɗin nan sun nuna wani abu ya isa. Da wannan zan buɗe jawabin, na mayar da tarihin Stern da Gerlach shafi na biyu.

Ƙanena ya karɓi ƙusar daga wurin mai walda, ya ce zai ajiye ta har ranar da zai sami injin da ba shi da mayen ƙarfe. Na ce ya fara neman wanda ke zagaye miliyan a minti.

Da la'asar gabas ta yi baƙi. Iska ta taso da jar ƙasa, mata suna kwashe shanya, awaki suna kuka, Baba ya fito tsakar gida yana duban sama. Gwaggo ta naɗe zarenta ta tura mazari cikin taskira, ta ce in ɗauko mata tabarma kafin ta tashi sama. Aka yi yayyafi kamar na minti biyar, ƙasa ta yi ƙamshi, sannan hadarin ya wuce ta wajen Babban Mutum. Baba ya tona ƙasa da yatsa, ya ga danshin bai kai gaɓa ɗaya ba, ya ce ba na shuka ba ne.

Shafi na bakwai da na bari a kan turmi iska ta tafi da shi. Mun same shi a maƙale a jikin dangar maƙwabta, akuya ta cinye kusurwar da na rubuta lissafin Belinfante. Zan sake rubuta shi a mota.